Zango huɗu a kan littattafan da aka riga aka sauke

Daren Alhamis wani tsohon ɗalibina ya kira ni, muryarsa na rawa. Shekara biyu ke nan da aka ɗauke shi koyarwa aka tura shi wata sakandaren ƙauye, inda shi kaɗai ne malamin Turanci, shi ne kuma na adabi. "Allah gafarta Malam," ya ce, "na cuci 'ya'yan mutane."

Da ya isa makarantar bai tarar da manhaja ba, bai tarar da wanda zai tambaya ba. Wani abokinsa ya saka shi a wani zauren WhatsApp mai sunan malamai, mutum kusan dubu a ciki. Shugaban zauren na tallar bayanan darasi daga SS1 zuwa SS3, wai an gama shirya komai, ka biya a turo maka. Ya yanki kuɗi daga ɗan albashinsa ya tura, aka aiko masa da PDF. Zango huɗu yana koyarwa da shi. Ya sa iyaye sun sayi littattafai, wasu sai da suka kai kaji kasuwa. Sai da wata yarinya da ta dawo daga wata makarantar birni ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai mu can ba waɗannan muke karantawa ba." Ashe jerin littattafan adabi na WAEC na 2021 zuwa 2025 yake koyarwa, alhali yaransa a 2026 za su zauna jarrabawa, shekarar da sabon jeri na 2026 zuwa 2030 ke fara aiki. Ya koma zauren ya yi magana, aka cire shi, mai sayarwar ya toshe lambarsa.

Mutum kusan dubu, ana tallar wannan shara a gabansu kullum, babu wanda ya ce uffan! To ina za su gani? Zauren ya cika da barka da Juma'a, jita-jitar ƙarin albashi, tallar atamfa da sanarwar ɗaukar aiki ta ƙarya. Waɗanda ba su taɓa riƙe alli ba su ne ke sayar wa malamai darasi. Akwai masu shirya "horo" na kwana biyu a Telegram su karɓi kuɗi, su buga maka takardar shaida su ce hukumar rajistar malamai ta TRCN ta san da ita. Ka tambaye su makarantar da suke koyarwa, nan take za ka ji shiru.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lambata na cikin wayarsa duk shekarun nan. Kunya ta hana shi kira, kada a ce mai digiri bai san aikinsa ba.

Ni da wasu malamai muna da wani ɗan zaure da muka buɗe a 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu. Yawancinmu wurin makin takardun jarrabawa muka san juna. Ba mu kai talatin ba. Kowa an san sunansa da makarantarsa, kuma duk wanda ya turo abu sai ya faɗi inda ya samo shi. A daren na saka shi. Kafin a fita sallar asuba wata malama daga Zariya ta turo masa jerin da ke aiki, wani kuma ya tsara masa yadda zai raba littattafan a zangunan da suka rage. Ko sisi ba a karɓa ba.

Malamai, ku duba shekarar da ke kan takarda. Ku san wanda ya turo ta. Kada ku biya wanda ba ku san ajinsa ba.

Manhaja ta hukumar NERDC ce, ba ta shugaban zaure ba. Rahoton manyan masu maki yana shafin WAEC kyauta, amma malamai nawa ke buɗe shi? Malaman kimiyya suna da ƙungiyar STAN tun 1957, na lissafi suna da MAN. Ku nemi reshen jiharku, ta nan za ku samu zauren da ke da mutanen gaske. Na Turanci kuma ga shafin TeachingEnglish na British Council. Ku daina saka hoton takardar amsar yaro da sunansa a zaure don a yi dariya. Zauren da aka fara maganar satar amsa, ku fita. Kuma ina sake faɗa, ku duba shekara.

Tsofaffin malamai, kowannenmu ya san wani matashi da aka tura ƙauye shi kaɗai. Don Allah a kira shi cikin makon nan, a tambaye shi littafin da yake koyarwa.