Darasi: Irin Bana, Gonar Baɗi

'Yan'uwa manoma na Gaya da Ajingi, a kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka abin yake ga shuka. Kowace ƙwaya tana ɗauke da halin da ta gada: tsawon kara, saurin nuna, jure fari ko cuta.

1. Yadda gado yake aiki

A 1866 wani limamin coci a Turai mai suna Mendel ya bayyana gwajin da ya yi da wani irin wake. Ya aurar da dogo da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye. Da ya shuka ƙwayarsu, sai gajere ya sake ɓullowa, wajen ɗaya cikin huɗu. Ashe hali yakan ɓuya, ba ya mutuwa. Shi ya sa masara mai aure takan yi kyau shekarar fari, amma in ka ajiye irinta, baɗi gonar ta fito dogo da gajere. Irin mai aure, sabo ake saye kowace shekara.

2. Gero da wake ba ɗaya ba ne

Wake da gyaɗa galibi furensu kansa yake yi wa barbara, saboda haka irinsu yakan daɗe bai sake ba. Gero kuwa iska ce take kai bununinsa gona-gona. Asalinsa ciyawar daji ne. Kakanni a Afirka ta Yamma suka yi ta zaɓen zangarniya mai riƙe ƙwayarta, fiye da shekara 4,000, har ya zama gero. Shibra, mai zubar da ƙwaya, tana tuna mana da wannan asali. In ka bar ta, za ta ɓata maka iri, ta ɓata wa maƙwabcinka.

3. Kada a dogara ga iri ɗaya

A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa take yaɗawa, ta cinye gonaki a Arewa, ƙasar Kano ta sha wuya ƙwarai. Daga baya masu bincike na Samaru suka fitar da iri mai jure ta. Wannan juriya kuwa daga tsoffin irin manoman Afirka ta Yamma aka fara samo ta. Don haka ku karɓi sabon iri, amma kada ku yar da kaura da farfara da maiwa da waken gida.

Abin yi bana

Zaɓi iri a gona kafin girbi, ba a bakin rumbu ba. Ɗauki zangarniya daga tsakiyar gona, daga tushe da yawa masu lafiya. Tuge shibra da zarar ka gane ta. Ɗaure damin iri dabam.

Domin taronku: iri nawa ubanninku suka shuka da babu shi yau? Wa yake da sauransa? Magatakarda ya rubuta.