Garkuwa Ko Runduna? Tsokaci Kan Kalmomin Sankarar Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a shekarar 2021 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare. Likitocin da za ta yaye, da Hausa za su riƙa yi wa majinyatan ƙasar Katagum bayani. To, wa zai tanadar musu kalmomi in ba mu ba? A wannan 'yar maƙala zan duba kalma guda, wato "garkuwar jiki", ta fuskar sankarar ƙwaƙwalwa.

Abin da ke Faruwa

Kamar yadda ganuwa ta kewaye tsohon birnin Katagum, haka ƙwaƙwalwa take da shinge tsakaninta da jini. A bayan shingen akwai ƙwayoyin tsaro 'yan gida, maikurogiliya, waɗanda masanin Sifaniya Pío del Río-Hortega ya bayyana a 1919. Idan muguwar sankarar nan gilayobulastoma ta tsiro, sai ta fitar da sinadaran da ke kiran wasu ƙwayoyin daga jini, wato makurofaj, masu haɗiye abokan gaba.

Maimakon yaƙi, sai sankarar ta saye su duka biyun. Su taimaka mata ta shimfiɗa sababbin hanyoyin jini, su kuma fitar da sinadaran da ke kashe wa ƙwayoyin T jiki, alhali su ne mayaƙan da ya kamata su hallaka ta. Wannan yana cikin dalilan da suka sa magungunan zaburar da ƙwayoyin T, waɗanda suka ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018, ba su yi tasiri sosai a wannan cutar ba.

Matsalar Kalma

Ni da na koyi Hausa da girmana, na san garkuwa fata ce da ake karewa da ita. Takan huje, amma ba ta cin amana. Saboda haka nake ba da shawarar a ce "rundunar jiki". Maikurogiliya su zama "dogaran ƙwaƙwalwa", makurofaj "mahaɗiya", ƙwayoyin T kuwa "mayaƙa".

Kammalawa

Da wannan, likita zai iya cewa, "Baba, sankarar ta saye dogarai, mayaƙa sun gaji." Kowa zai gane. Ina roƙon malamanmu su tace waɗannan kalmomi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.