Kalma ɗaya, jam'i biyu: fihirisar ƙamus da aka adana da XML

Wanda ya taɓa tattara kalmomi don ƙamus ya san suna ɗaya yakan zo da jam'i fiye da ɗaya: doki yana da dawaki da dawakai, ido yana da idanu da idanduna. A tsarin XML wannan ba ya da wuya, domin ana maimaita alamar jam'i a ƙarƙashin kalma sau nawa aka ga dama. (Sunan alamar dai sai a rubuta shi «jami», tunda XML ba ya karɓar waƙafin sama a cikin suna.)

Wahala tana soma wa ranar da aka zuba ƙamus ɗin a rumbun bayanai mai jadawali, irin PostgreSQL, inda kowace kalma ke da layinta. Mai nema ya rubuta dawakai, yana son a kai shi ga doki. In babu fihirisa, dole kwamfuta ta buɗe kowane layi ta karanta, kamar mai neman kalma a ƙamus ɗin Bargery na 1934 shafi bayan shafi. Fihirisar yau da kullum, wadda ake kira B-tree, abu ɗaya take riƙewa ga kowane layi. Sai ɗalibi ya ciro jam'in farko kawai ya gina fihirisa a kansa. Dawaki ya shiga, dawakai ya ɓace, kuma rumbun ba zai ce komai ba. Wannan ne haɗarin, domin sakamakon bincike zai fito a tauye ba tare da an lura ba.

PostgreSQL yana da mafita. Umarnin xpath yana maido duk jam'o'in a jere. A mayar da jerin rubutu zalla, sannan a ɗora masa fihirisar GIN, wadda ke rajistar kowane abu na cikin jerin daban. Amma a kula: da alamar @> za a yi tambaya. In an yi da ANY amsa za ta fito daidai, sai dai fihirisar tana gefe ba a taɓa ta ba.

Ni dai na fi son tsohuwar hanya, wato jadawali na biyu mai layi ɗaya ga kowane jam'i, haɗe da lambar kalmar da ya fito daga gare ta. Aikin ya fi yawa, kuma duk gyaran da aka yi wa XML sai an bi shi can. To amma a nan ne za a iya ƙara gurbin karin harshe, a nuna wannan siga ta Damagaram ce, waccan ta Adar, abin da jeri ba ya ɗauka.

Ko wace hanya aka bi, a daidaita rubutu tukuna. Mu a Nijar ƴaƴa muke rubutawa, a Nijeriya 'ya'ya, kuma fihirisa kalmomi biyu take gani. Haka wasali mai alamar karin sauti: Unicode yana iya ajiye à a harafi ɗaya ko biyu. Tun siga ta 13, PostgreSQL yana da umarnin normalize na daidaita wannan, amma maganar ƴ sai mai ƙamus ya tsara ƙa'idarta da kansa.