Darasin Lafiya: Yadda Sikanin Yake Nuna Kitse a Hanta

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa yanka kaza mai ƙiba ya ga yadda hantarta takan yi rawaya, ta yi laushi. Hantar mutum ma takan tara kitse haka. Idan kitsen ya wuce kashi 5 cikin 100 na hanta, likitoci suna ɗaukarsa ciwo. Wajen mutum 3 cikin 10 na manya a duniya suna da shi, yawancinsu kuwa ba su sani ba, gama da fari ba ya zafi.

Yadda ake dubawa

Matanmu sun san sikanin daga wurin awon ciki. Da irin wannan na'ura ake duba hanta. Ana shafa mai a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, a ɗora kan na'urar. Tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi hanta ya dawo, kamar yadda murya take dawowa in mun yi kira cikin rijiya. Babu allura, babu yanka.

Likita yakan gwada hoton hanta da na ƙodar dama. Hanta mai kitse tana fin ƙoda haske. Bisa ga hasken zai rubuta mataki na 1, na 2 ko na 3. Amma in kitsen kaɗan ne, hoton yana iya rasa shi.

Akwai wata na'ura mai suna FibroScan, wadda aka fito da ita a Faransa a 2003. Ita tana ba da lamba: yawan kitse da kuma taurin hanta. Taurin shi ne abin tsoro, domin yana nuna tabo. Ba kowane asibiti yake da ita ba.

Su wa ya kamata su je?

1. Masu ciwon suga ko hawan jini.
2. Masu ƙiba, musamman tumbi.
3. Masu shan burkutu ko giya.

Mu fara zuwa asibitin da yake kusa, kamar na Dambatta ko Bichi. In da bukata, za a tura mu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mu tambaya tun da wuri ko sai an je ba a ci abinci ba. Mu roƙi gwajin jini kuma, gama sikanin ba ya nuna ƙwayar ciwon hanta nau'in B.

In an ga kitse fa?

Kada mu firgita. Muddin tabo bai yi nisa ba, hanta tana iya farfaɗowa. Mu bar giya, mu rage lemon kwalba da suga, mu ƙara wake, zogale da rama. Mai nauyin kilo 80 da ya rage kilo 6 zuwa 8 ya taimaki hantarsa ƙwarai. Mu guji jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da sunan wankin hanta.

Domin tattaunawa

Me yake hana mu zuwa gwaji sai ciwo ya kwantar da mu? Yaya ƙungiyar mata ko ta matasa za ta taimaki wanda ba shi da kuɗin mota?