Mai Jinya da Wahalar Layin Asibiti

Jama'a, abu biyu aka san Dawanau da su: babbar kasuwar hatsi da ke kan hanyar Katsina, da kuma asibitin masu taɓin hankali. In an zo batun asibitin, kowa na maganar marar lafiya. Wannan takarda kuwa a kan mai jinya take, wato uwar nan ko matar nan ko yayan nan da ya bar gona da damina ya rako ɗan'uwansa.

Ku dubi yadda ranarsa take. Daga sallar asuba ya kamo hanya, yana riƙe da mutumin da ba ya son a riƙe shi. Ya hau layin yankan kati, ya koma layin biyan kuɗi, ya dawo da rasit a ce fayil bai fito ba. In Allah ya sa ya ga likita, a rubuta magani, a wurin bayarwa a ce ya ƙare, sai a kyamis. Sai kuma a ce, "Baba, ka dawo da shi wata mai zuwa." Ba wanda ya tambayi Baban ko ya karya kumallo, balle ina zai samo kuɗin mota, alhali tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi. A gida akuya ta tafi, buhun gero ya bi ta, ciyawa ta cinye gyaɗa.

Ciwon ɗan'uwa ana ɗaukarsa da haƙuri, domin jinya ibada ce. Abin da ke karya zuciya shi ne je-ka-ka-dawo da tsawar ma'aikaci. Ma'aikacin ma, a faɗi gaskiya, aiki ne ya yi masa yawa. Amma ranar da mai jinya ya gaji, sai a daina karɓo magani, ciwo ya dawo, a koma ɗaure mutum da mari a ɗaki. Ba mu manta da abin da aka gano a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ba.

To, ku sani akwai doka. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Dokar lafiya ta 2014 ta ware asusun kula da lafiyar talakawa, kuma a Kano hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, ke yin rajistar masu cin gajiyar asusun. Ku je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ku tambaya, da katin ɗan ƙasa a hannu.

Kada a sakar wa mutum ɗaya jinya. A raba kwana tsakanin dangi, wanda ya iya karatu ya riƙe kati da rasit a leda ɗaya. In maganin da aka rubuta ya fi ƙarfin aljihu, a gaya wa likita tun kafin a fito, ko akwai mai sauƙin kuɗi. Masu unguwanni da limamai kuma su sa a yi wa gonar mai jinya gayya kafin lokacin maimai ya wuce.