TASKOKIN MANHAJA: Bayani ga Hakimai da Malaman Ofis

1. Dalilin wannan takarda

Aikin ofis da a da ake yi da alƙalami da babban littafi, yau galibinsa ya koma cikin kwamfuta da wayar hannu. Sunayen masu gonaki, da takardun shaida, da wasiƙun da ke tafiya fadar Sarki, duk ta nan suke bi. Amanar waɗannan takardu kuwa tana wuyan hakimi da malaminsa kamar yadda take tun dā. Saboda haka ya kyautu su san abin da aka gina na'urorin nan a kansa, ko da ba za su taɓa rubuta manhaja da hannunsu ba.

2. Mece ce taskar manhaja?

Manhaja jerin umarni ce wadda mutum ya rubuta wa kwamfuta. Mai rubuta ta ba ya somawa daga tushe. Misalinsa kamar mai haɗa kayan doki ne: fata daga majemi take zuwa, likkafa da linzami daga maƙeri, shi nasa harhaɗawa. Haka mai manhaja yakan ɗauko guntayen umarni waɗanda waɗansu suka riga suka rubuta, suka jarraba, suka tara wuri ɗaya. Wannan tarin shi ake kira taska, waɗansu kuma su ce laburare. Kowace taska da aikin da ta ƙware a kai: wata lissafin kwanan wata, wata zana haruffa, wata kulle saƙo.

Hanya biyu ake haɗa taska da manhaja. Ta farko, a ajiye kwafi ɗaya tak cikin na'ura, manhajoji da yawa su riƙa aro daga gare shi, kamar rijiyar unguwa. In an gyara wannan kwafi, an gyara wa kowa. Ta biyu, kowace manhaja ta haɗiye kwafinta cikin jikinta. A nan kuwa tilas a bi su ɗaya ɗaya da gyara. Haka kuma taska takan dogara da wata taskar, ita ma da wata, har manhaja guda ta tsaya bisa taskoki fiye da ɗari.

3. Ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja

Buɗaɗɗiya ita ce wadda aka bayyana asalin rubutunta, kowa yana da ikon ya karanta, ya gyara, ya rarraba. A 1983 Richard Stallman ya kafa shirin GNU a Amurka bisa wannan manufa. A 1991 kuma Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fitar da Linux, wadda a kanta aka gina wayoyin Android.

Kyauta ce, amma da sharaɗi, sharaɗin kuwa yana rubuce cikin lasisi. Lasisin MIT da na BSD sun yarda a yi kusan kome da taskar, muddin an bar sunan masu ita da takardar iznin. Lasisin GPL kuwa ya wajabta wa wanda ya canja manhajar ya rarraba ta, ya bayar da asalin rubutun canjinsa ga waɗanda ya ba.

4. Waɗansu taskoki da aikinsu

(a) zlib. Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar da ita a 1995. Aikinta matse bayani ya ƙanƙance, sa'an nan a warware shi ba tare da ko harafi ɗaya ya ɓace ba.

(b) SQLite. Richard Hipp ya soma ta a shekara ta 2000. Ita ce kamar babban littafin rajista: tana ajiye sunaye da lambobi cikin layi, a nemo su nan da nan. Tana cikin wayoyin Android da iPhone duka.

(c) OpenSSL. An kafa ta a 1998. Tana kulle saƙo tsakanin na'ura da na'ura, don kada wanda ya tare hanya ya iya karantawa.

(d) HarfBuzz. Ita ke zaɓen surar harafi gwargwadon matsayinsa, a farkon kalma yake, ko tsakiya, ko ƙarshe. Da taimakonta rubutun Larabci da na ajami ke fita a haɗe cikin Android da Firefox da LibreOffice.

(e) ICU. Cikin ayyukanta akwai jera kalmomi bisa ƙa'idar kowane harshe. A ƙa'idar Hausa ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k. Manhajar da ba ta bi irin wannan ƙa'ida ba takan jefa Ɗanladi da Ƙasimu can ƙarshen jeri, bayan Zubairu, malami ya yi ta nema har ya zaci ba a rubuta su ba.

5. Inda hatsarin yake

Rijiyar da kowa ke sha, in ta gurɓace, kowa ta shafa. Ga misalai uku.

Ran 7 ga Afrilu, 2014, aka bayyana wani aibi cikin OpenSSL wanda aka sa wa suna Heartbleed. Na'ura takan aika wa 'yar'uwarta ɗan saƙo, ta faɗi tsawonsa, ta nemi a maido mata da shi. Taskar ba ta duba ko tsawon da aka faɗa gaskiya ne ba. Ɓarawo sai ya aika harafi kaɗan ya ce masu yawa ne, a cika masa sauran da abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar, har da kalmomin sirri. Aibin ya yi wajen shekara biyu a fili kafin a gano shi. Hukumar haraji ta Kanada ta sanar cewa an sace lambobin shaidar mutum kusan 900 ta wannan kafa.

A Disamba, 2021, aka bayyana wani cikin Log4j, taskar da ke rubuta abin da ya wakana cikin manhaja, kamar littafin ayyukan yau da kullum na ofis. An tarar cewa in baƙo ya aiko da wani irin rubutu, taskar takan ɗauke shi kamar umarni ta aikata. Gyaran ya fito da wuri, amma ma'aikatu da yawa sun sha wuya, gama ba su san ko taskar tana cikin kayansu ba.

A Maris, 2024, wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata na'ura ya ƙara jinkiri da kamar rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye cikin taskar xz. Wanda ya dasa ta ya yi shekara biyu yana taimako da sunan aro, har mai kula da taskar, wanda aiki ya yi wa yawa, ya amince masa. An toshe ta kafin ta bazu.

Abu biyu ke fita daga nan. Da yawa cikin taskokin da duniya ta dogara da su, mutane ƙalilan ke riƙe da su, galibi ba da albashi ba. Amma kuma da yake rubutun a buɗe yake, wanda ba a ɗauka aikin ba ma yana iya gano ɓarna ya yi shela.

6. Abin da ake bukata ga ofishin hakimi

Na ɗaya, in na'ura ta nemi a sabunta ta, kada malami ya yi ta ɗagawa don tsimin data. Sau da yawa sabuntawar nan takan ƙunshi gyaran taskoki.

Na biyu, kada a ɗauko manhaja sai daga rumbun da masu na'urar suka tanada. Wadda aka turo ta saƙo, ko aka kwafa a kasuwa, ba a san abin da aka cusa mata ba.

Na uku, in ɗan kwangila ya kawo manhaja, a nemi ya ba da jerin taskokin da ke cikinta a rubuce, da lambar fitowar kowace, da lasisinta, da sunan wanda zai riƙa gyara bayan an gama biya. A ajiye wannan takarda cikin fayil.

Na huɗu, kafin a karɓi aiki, a jarraba shi da sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ, a ga yadda ya rubuta su, da yadda ya jera su.

Na biyar, na'urar da masu ita suka daina aiko mata da gyara, kada a ajiye sirrin jama'a cikinta.

Na shida, a riƙa kwafe muhimman takardu a wani wuri dabam kowane mako.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda gaban malamansu da dagatai, su kuma ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin sabunta na'urorin ofis, yana rubuta ranar da ya yi kowace.