Sabunta BIOS Kafin a Sauya Furosesa: Abin da Na Koyo a Wani Shago a Yelwa

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai, a hutun da ya wuce na zauna a shagon yayana da ke Yelwa a garin Bauchi, ba nisa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shago ne na buga takardu da fotokofi, kuma yawancin masu cinikinsa ɗalibai ne irinmu masu kawo kundin kammala karatu. Abin da na gani a can shi ya sa na rubuta wannan maƙala, domin da yawa daga cikinmu kwamfuta za ta zama abin neman abincinmu, ko ta hanyar fassara, ko aikin jarida, ko buga littattafai.

Babbar kwamfutar shagon an harhaɗa ta ne a shekarar 2018, da furosesa mai suna Ryzen 3 2200G na kamfanin AMD. Ta fara nauyi. Ban da haka, kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba a ranar 14 ga Oktoba, 2025, wannan furosesa kuma ba ya cikin jerin waɗanda aka amince musu su ɗauki Windows 11. Sai Yaya ya aika Legas aka sayo masa Ryzen 5 5600G. An tabbatar masa cewa mazauninsu ɗaya ne da tsohon, kuma gaskiya aka faɗa masa. A ranar da saƙo ya iso ya cire tsohon ya sayar, don ya rage asara. Ya sa sabon, ya danna maɓalli. Fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, amma fuskar kwamfuta ta tsaya baƙi ƙirin. A cikinta kuwa akwai kundin ɗalibai huɗu da za a miƙa a makon.

Kalmomi uku

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kan kalmomi. Ta farko ita ce furosesa, wato ɗan ƙaramin abin nan mai kusurwa huɗu da ke yin duk lissafin kwamfuta. Masu nazarin tsarin sauti za su lura da yadda Hausa ta karɓi kalmar: ta mayar da baƙin farko /f/, ta kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu da suka haɗu, kamar yadda ta yi wa firamare da furofesa. Ta biyu ita ce babban allon da furosesa da sauran kayan ciki suke zaune a kansa. Masu gyara a Bauchi "bod" kawai suke cewa. Na ga wasu sun rubuta "uwar allo", amma a kunnena wannan fassara ce ta kalma da kalma, wataƙila don ni ma da koyo na iya Hausa, kunnena ya saba tuhumar irin wannan. Zan ce babban allo.

Ta uku ita ce BIOS. Wata 'yar manhaja ce da ke ajiye a cikin wani ɗan ƙwaya da aka liƙa a jikin babban allo, ba a cikin ma'ajiyar da Windows take ba. Ita ce ke fara farkawa idan an kunna kwamfuta. Za ta tada furosesa, ta duba ram, ta nemo ma'ajiya, sannan ta miƙa ragama ga Windows. Sunan ya samo asali ne daga tsarin CP/M na Gary Kildall a shekarar 1975, ya kuma bazu tare da kwamfutar IBM ta 1981. Kwamfutocin yanzu wani sabon tsari suke amfani da shi mai suna UEFI, amma tsohon suna ya zauna a bakin mutane, kamar yadda ake ce wa kowane garin sabulu Omo.

Me ya sa allo ya ƙi baƙo?

Ku ɗauki ƙamusun Bargery da aka buga a 1934. Komai girmansa, ba za ku sami kalmar intanet a cikinsa ba, domin an gama shi tun kafin kalmar ta shigo. Haka BIOS take. A cikinta akwai bayanin kowane furosesa da ta sani: yawan wutar da yake buƙata, da yadda ake tada shi, da yadda zai yi magana da ram. BIOS ɗin allon yayana an rubuta ta a 2018, shi kuwa 5600G sai a 2021 ya shigo kasuwa. Ya shiga mazauni daram, amma allon bai san yarensa ba. Abin da ake bukata shi ne sabon bugu na wannan ƙamus, wato a sauko da sabuwar BIOS daga kamfanin da ya ƙera allon a rubuta ta a kan tsohuwar.

Mazaunin da ake magana sunansa AM4, mai ramuka 1331, wanda AMD ya fito da shi a 2016. A kansa aka yi zuri'ar Ryzen 1000 a 2017, da 2000 a 2018, da 3000 a 2019, da 5000 a ƙarshen 2020. A watan Mayu na 2020 kamfanin ya sanar cewa alluna irin B450 da X470 ba za su ɗauki zuri'ar 5000 ba. Hujjarsa ita ce ƙwayar BIOS ta yawancinsu megabayit 16 ce kawai, ba za ta iya ɗaukar bayanin dukkan zuri'o'in ba. Masu saye suka yi ca, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye maganarsa. A 2022 aka buɗe ƙofa har ga tsofaffin alluna irin A320 da B350 da X370. Sai dai matsalar wuri ba ta gushe ba. Don a sami gurbin sababbi, wasu kamfanoni sun goge bayanin wasu tsofaffin furosesa daga sabuwar BIOS. Saboda haka sabuntawa takan ƙara wani abu, ta kuma rage wani.

A nan ne kuskuren Yaya yake. Ba a iya shiga BIOS sai da furosesan da allon ya riga ya sani. Wanda ya cire tsohon ya sayar, ya rufe ɗaki ne ya bar makulli a ciki. Ana sabunta BIOS ne tun tsohon furosesa yana kan allo, daga baya a sauya.

Yadda ake yin aikin

Da farko a san ainihin sunan allon. Ana samunsa a rubuce a jikinsa, ko a buga msinfo32 a wurin bincike na Windows, zai nuna sunan allo da lambar BIOS da ke kai yanzu. A kula da kowane harafi. Alluna biyu kan yi suna kusan iri ɗaya, bambancinsu harafi guda ko lambar bugu da ke can gefen allo, amma BIOS ɗinsu daban. Daga nan a je shafin intanet na kamfanin da ya ƙera shi, a buɗe jerin furosesan da allon ke ɗauka. A gaban kowane suna an rubuta lambar BIOS da ta fara saninsa. In babu sunan furosesan da kake so a jerin, ka riƙe kuɗinka. A kuma karanta 'yan bayanan da ke ƙarƙashin kowace lamba, domin wani allon ba ya yarda a yi tsalle daga tsohuwa ƙwarai zuwa ta ƙarshe, sai an bi ta wata ta tsakiya.

Fayil ɗin da aka sauko da shi a warware shi, a sa a filash da aka tsara da FAT32. A sake kunna kwamfuta ana danna Del ko F2 har BIOS ta buɗe. Kowane kamfani da sunan da ya ba kayan aikinsa: EZ Flash a ASUS, Q-Flash a Gigabyte, M-Flash a MSI, Instant Flash a ASRock. A zaɓi fayil, a amince, sannan a naɗe hannu. Kwamfutar za ta iya mutuwa ta tashi da kanta sau biyu ko uku, fuskarta ta yi duhu na ɗan lokaci. Kada a taɓa ta. Wanda ya kulle ma'ajiyarsa da BitLocker ya dakatar da shi tukuna, ya kuma rubuta makullin ceto mai lamba 48 a takarda, domin sabuwar BIOS ko sabon furosesa na iya sa a tambaye shi.

Aikin gaba ɗaya 'yan mintoci ne, amma a cikin mintocin nan ana goge tsohon rubutu ne ana sa sabo. In aka ɗauke wuta a tsakiya, allon zai rasa tsohuwa ya rasa sabuwa, ko kunnuwa ba zai yi ba. Littattafan da ke zuwa da alluna layi ɗaya suke ba wannan gargaɗi, don an rubuta su ne a inda wuta ba ta cika yankewa ba. Mu kam a nan shi ne rabin darasin. Kada a dogara da wutar gari komai kyawunta a ranar. A jona kwamfutar da inbata ko UPS mai cikakken caji, a kuma gwada shi tukuna ta hanyar zare shi daga bango a ga ko zai riƙe. Janareto ma a duba mansa, a kuma kashe injin fotokofi, don shi ke jan wuta ya sa ta yi ƙasa. In tsautsayi ya faru, ba lallai a jefar da allon ba. Akwai wata 'yar na'ura, CH341A, da ƙwararrun masu gyara ke maƙala wa ƙwayar su sake rubuta ta. Wasu alluna kuma suna da maɓalli a baya, wanda ASUS ke kira BIOS Flashback, Gigabyte ke kira Q-Flash Plus, da ke karanta filash ko babu furosesa a kai. Na yayana ba shi da shi.

Bayan BIOS ta nuna sabuwar lamba, sai a kashe, a zare waya, a zo kan sauyi. A lokacin hunturu jiki kan tara lantarki saboda bushewar iska, don haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa allo. A murɗa fankar a hankali kafin a ɗaga ta, don busasshen man da ke ƙarƙashinta kan fizgo furosesa ya lanƙwasa masa ƙafafu. A daidaita alamar kusurwa uku da ke jikin sabon da ta mazauni, a bar shi ya faɗa da kansa ba tare da dannawa ba, a shafa sabon mai ɗan kaɗan.

Inda sabuntawa ba ta da amfani

Ba kowace ƙofa BIOS ke buɗewa ba. Misali, mazaunin LGA 1151 na Intel iri biyu ne masu suna ɗaya. Allon H110 ya ɗauki zuri'a ta 6, da sabuwar BIOS kuma ya ɗauki ta 7, amma kamfanin bai ba shi ta 8 ba, ko da yake za ta shiga ramin. Laftof kuwa, yawancin na yanzu furosesansu a liƙe yake da dalma, ba ya cirewa. Kwamfutocin ofis 'yan gwanjo da suka cika kasuwanninmu su ma sau da yawa iyakarsu zuri'ar da aka ƙera su dominta.

Shagon Yaya ya kwana biyu ba aiki. A rana ta uku muka ɗauki akwatin a Keke Napep zuwa wajen wani mai gyara a kusa da Kasuwar Wunti. Ya dube mu ya ce, "Oga, ina tsohon?" Yaya ya sunkuyar da kai. Mutumin ya buɗe durowa ya ɗauko wani tsohon furosesa da yake ajiyewa don irin wannan rana, ya sa, ya jona da inbatansa, ya sabunta BIOS, sannan ya mayar da namu. Fuskar kwamfuta ta kawo haske. Kuɗin aikin da na mota da cinikin kwana biyu sun haura abin da Yaya ya samu a tsohon furosesan. A daren muka buga kundin nan huɗu, ni ina gyara ƙugiyoyin ɗ da ƙ a na wata ɗaliba, shi yana ɗinkewa.